Titin Makaranta: Abin da Iyaye Mata Za Su Iya Nema Daga Hukuma

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, lissafin gidaje da yawa ya sauya. Cikin abubuwan da aka fara yankewa har da kuɗin mai adaidaitan da ke zuwa ƙofar gida ya kwashi yara zuwa makaranta. Inda ake da yara uku ko huɗu, ga boko da safe ga Islamiyya da yamma, kuɗin zuwa da dawowa kawai yana iya taɓa na cefane. Shi ya sa duk wadda ta leƙa titi a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Gusau tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safe za ta ga yara jere-jere a gefen kwalta. Yaya tana gaba riƙe da hannun ƙaninta, wani na saɓe da jakar da ta kusa kai girmansa, samari kuma a kan kekuna suna kutsawa tsakanin motoci.

Ita tafiyar a karan kanta alheri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma zuwa makaranta da dawowa a ƙafa ko a keke yana biyan kaso mai tsoka na wannan. Yawancinmu ma da ƙafa muka yi karatunmu. Sai dai titin da muka bi a lokacin ya canza kama. An faɗaɗa shi, an raba shi biyu, an ɗora masa gadar sama, motoci da babura da 'yan sahu sun ninka, amma ba kasafai ake ware wa mai tafiya a ƙasa ko taku biyu ba. Inda aka ware, masu tebur da masu ajiye mota sun riga sun cinye. Da damina kuma kwata ta cika ta tumbatsa, yaro ba shi da zaɓi sai ya hau kwalta ya yi kafaɗa da tifa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce ke da ƙarancin motoci. Idan irin wannan ya faru a unguwa, mukan ce ƙaddara ce, mu yi ta'aziyya, mu yi wa sauran yaran faɗa su riƙa duba hanya. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu suna karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma a yau babban abin cutarwar da ke kan hanyar yara shi ne gudu.

Lissafin gudu

Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowane sakan ɗaya. Direba mai natsuwa yana buƙatar kamar sakan ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki, sannan motar ta ja kafin ta tsaya. Gaba ɗaya zai ci kusan mita 27 a busasshen titi, wato tsawon ƙananan motoci shida a jere. Wanda ke tafiyar kilomita 30 kuwa zai tsaya cak a cikin mita 13. Ki lura da wannan: a daidai wurin da mai gudun 30 ya gama tsayawa, mai gudun 50 bai ma kai ga taka birki ba. Idan yaro ya faɗo titi a wannan tazarar, na farko zai tsaya ya yi masa tsawa, na biyu zai buge shi da cikakken gudu. Wannan kuma lissafin direban da ba ya waya ne, mai birki mai kyau da taya mai rai.

Sannan akwai yanayin yaron kansa. Ƙaramin yaro bai iya auna saurin motar da ke tahowa yadda babba ke yi, shi ya sa masana ke cewa ɗan ƙasa da shekara goma bai kamata ya tsallaka babban titi shi kaɗai ba. Gajere ne, adaidaita ɗaya da aka ajiye a bakin hanya ta isa ta ɓoye shi. Idan ya hango abokinsa a ɗaya ɓangaren, duk faɗan da kika yi masa da safe ya tafi. A gidajenmu kuwa sau da yawa 'yar shekara tara ce muke damƙa wa ƙannenta biyu, mu ce ta kula da su. Ko ta fi kowa hankali, an ɗora mata kayan da ya fi wuyanta.

Saboda irin wannan lissafi ne ministocin ƙasashen duniya da suka taru a Stockholm, babban birnin Siwidin, a watan Fabrairun 2020 suka amince cewa kada gudu ya wuce kilomita 30 a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Don haka uwar da ta je neman a rage gudu a ƙofar makarantar ɗanta ba wani baƙon abu ta ƙirƙiro ba, abin da gwamnatoci suka riga suka yarda da shi take tuna musu.

Yadda matan Holan suka tare titi

Duk wadda ta taɓa ganin bidiyon ƙasar Holan a waya ta ga yara ƙanana a kan kekuna suna tafiya makaranta a hanyarsu ta daban, mota ba ta kusantar su. Sai a ɗauka haka Allah ya halicci ƙasar. A'a. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun rungumi mota, sun rushe gidaje don faɗaɗa tituna, sun mayar da filayen wasa wurin ajiye motoci. A 1971 haɗarin hanya ya kashe kusan mutum 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne.

Ɗaya daga cikin yaran nan 'yar wani ɗan jarida ce mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta buge a hanyarta ta zuwa makaranta. Rubutun da ya yi a jarida shi ya haifar da wata ƙungiya da aka sa wa suna Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. Sunan yana da nauyi, kuma da gangan aka zaɓe shi. Shugabarta ta farko wata matashiyar uwa ce a Amsterdam, Maartje van Putten, wadda daga baya ta zama 'yar majalisar Tarayyar Turai. Iyaye suka riƙa fitowa suna tsayawa a wuraren da aka fi yin haɗari, suna rufe layin unguwa na yini guda don yara su yi wasa, suna zuwa gaban 'yan majalisa. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, har gwamnati ta hana fita da mota a wasu ranakun Lahadi, sai mutane suka ga yadda gari yake idan babu hayaniyar injin. Ba a daɗe ba gwamnati ta fara ba ƙungiyar tallafi, injiniyoyi suka fara zama da ita. A hankali aka gina hanyoyin keke da aka raba da na mota, aka matse titunan cikin unguwa ta yadda direba ba zai iya gudu ba ko da yana so. Zuwa 2010, yaran da suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar 14 ne.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne inda matan suka ɗora alhakin. Ba su tsaya ga koya wa yara duba dama da hagu ba, duk da suna koyarwa har yau, yaran Holan ma har jarrabawar bin dokar hanya suke yi a firamare. Sun kafe a kan cewa yaro zai ci gaba da zama yaro, don haka titin ne za a gyara ya yafe masa kuskurensa.

Wata za ta ce ai Holan ƙasar masu kuɗi ce. Haka ne. To bari mu dawo gida Afirka.

Darussalam

A Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna Amend ta fara wani shiri da ake kira SARSAI. Yanayin birnin bai da bambanci sosai da namu: ƙananan bas-bas da babura suna rige-rigen fasinja, gefen titi ƙasa ce da kwata, yawancin yaran makarantun gwamnati da ƙafa suke zuwa. Abin da ƙungiyar ke yi shi ne ta fara da makarantun da aka fi buge wa ɗalibai. Sai ta zauna da yaran da malamai da iyaye a gano ta ina suke bi, a ina suke tsallakawa, a auna gudun motoci a wurin. Daga nan sai a yi aiki tare da hukumar birni: tudun rage gudu da aka gina bisa ƙa'ida, zanen tsallaka titi, dandamalin masu tafiya a ƙasa, turakun da ke hana mota hawa kansa, allunan gargaɗi. A wasu makarantun ma ƙofa kawai aka canza, aka rufe wadda ke kallon babban titi aka fasa wata ta layin baya.

An gwada aikin a kimiyyance tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a makarantu 18, rabi an yi musu gyaran rabi ba a yi ba tukuna. Sakamakon ya nuna raunukan haɗarin hanya a tsakanin ɗalibai sun ragu da kashi 26 cikin ɗari inda aka yi gyaran. A 2019 shirin ya ci babbar kyautar birane ta cibiyar WRI, kuma ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Ghana. Abin da aka kashe a kowace makaranta a lokacin ya kai kimanin dala 25,000. Kuɗi ne, ba a musu. Amma ki kwatanta shi da abin da gadar sama ɗaya ke ci, sannan ki ƙirga makarantu nawa ne a kan titin da gadar take.

A nan ya kamata a yi maganar tudun da muke yi da kanmu. Kowa ya san yadda abin yake: mota ta buge yaro, matasan unguwa su fusata su tare hanya, kafin gari ya waye an jibge itace da tayoyi ko an kwaɓa siminti an yi wani tudu mai kaifi kamar kunyar dankali. Fushin yana da dalili. Sai dai tudun da ba fenti, ba allo, ba fitila, shi ma yana kayar da mai babur da dare, yana wahalar da mai naƙuda a hanyar asibiti, kuma direbobi sukan kauce masa su bi ta gefen da yaran ke tafiya. Wanda injiniya ya auna yana da faɗi da gangara a hankali, ana sanar da shi tun daga nesa. Mafi kyau shi ne a ɗaga wurin tsallakawar kansa ya zama shi ne tudun, ta yadda dole direba ya lafa daidai inda yaro zai sa ƙafa. Zanen fari kaɗai a kan kwalta, a garuruwanmu, ado ne.

Gadar tsallaka titi kuma tana da wurinta a manyan hanyoyi masu tireloli. Amma a cikin unguwa takan zama hanyar da hukuma ke wanke hannunta: motoci su ci gaba da gudu, tsohuwa da mai goyo da yaro mai keke su hau matakala talatin, wanda ya kasa hawa aka buge shi a ce shi ya jawo.

Keke da 'ya'ya mata

A ƙauye matsalar takan zama nisa. Firamare tana kusa, sakandare kuma sai garin gaba, kuma a nan ne karatun yarinya yake yawan tsayawa. Jihar Bihar ta Indiya, wadda take cikin mafi talauci a ƙasar, ta fuskanci irin wannan. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba duk yarinyar da ta shiga aji tara rupi 2,000 ta sayi keke. Wasu masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin suka gano ya ƙara shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci da kashi 32 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. Wani sirrin nasarar shi ne an ba kowa a lokaci ɗaya. Yarinya ɗaya a kan keke abin kallo ce da tsegumi, amma 'yan mata ashirin da suka fito tare da safe sun zama abin da ido ya saba da shi, kuma babu mai tare su.

A ƙasar Hausa har yanzu akwai gidajen da ke ganin hawan keke bai dace da budurwa ba. Kowane gida da tsarinsa. Amma kayan makarantar 'yan matanmu ai da wando ne da hijabi, kuma wanda ya je Wagadugu ya ga mata manya da ƙanana suna harkokinsu a kan keke ba tare da an ɗaga ido an kalle su ba. Idan zaɓin ya zama tsakanin keke da barin makaranta a aji uku, ina ganin maganar ta cancanci a zauna a yi ta da maigida. Abin lura kawai shi ne dogon hijabi yana iya shiga sarƙa ko taya, don haka a nemi keke mai murfin sarƙa. Ga maza da mata duka, a duba birki da ƙararrawa, a sa abin da ke ƙyalli idan fitila ta haska shi, musamman lokacin hazo da kuma masu dawowa daga Islamiyya bayan magariba. Makaranta kuma ta tanadi wurin ɗaure kekuna a cikin harabarta, don tsoron sata kaɗai yana hana iyaye da yawa saye.

Ɗaya tsoron

Ba mota kaɗai ke hana uwa barci ba. Tun bayan labarin yaran Kano tara da aka sace aka gano su a jihar Anambra a 2019, da sauran labaran da suka biyo baya, iyaye da yawa sun gwammace su ci bashi su biya abin hawa. A Japan, inda 'yan firamare ke zuwa makaranta a ƙafa ba tare da iyayensu ba, ba sakin su ake yi haka kawai ba. Makaranta ce ke tsara hanyar da kowane yaro zai bi, a wurare da dama yaran unguwa ɗaya suna tafiya rukuni guda manya na jan ƙanana, dattawa da iyaye suna tsayawa a mahaɗar hanyoyi da tuta rawaya a hannu. Akwai kuma gidaje da shaguna masu alama ta musamman, waɗanda yaro ya san zai iya faɗawa ciki idan wani ya biyo shi. A Ingila ma tun 1998 wata makaranta a garin St Albans ta fara abin da suke kira bas mai ƙafa: babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ana bi gida-gida ana ɗaukar yara a lokacin da aka tsayar.

Mu da muka gaji ayari da madugu ba sai an koya mana wannan ba. Gidaje goma a layi ɗaya za su iya raba kwanakin mako, ko su haɗa ɗan abin hasafi su ba wani dattijo amintacce da mai unguwa ya sani. Mai shago da mai shayi da telan bakin hanya, waɗanda dama sun san yaran da fuska, a gaya musu a fili cewa an sa su cikin masu sa ido. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗin kowa.

Ƙofar da za a buga

Abin da ke kashe irin wannan koke tun a farko shi ne kai shi inda ba a da ikon yin komai. Titunan Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Babbar hanyar da ta ratsa gari kamar wadda ta taso daga Kano zuwa Zariya ta tarayya ce, ciyaman ba zai iya sa mata tudu ba ko yana so. Layin cikin unguwa kuwa kansila da ciyaman ne. Don haka tambayar farko ita ce titin na wane ne. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ofisoshi a kowace jiha kuma suna shiga makarantu wayar da kai. A Kano akwai KAROTA, a Kaduna akwai KASTLEA, kuma neman a turo jami'i ɗaya ƙofar makaranta na minti talatin da safe da minti talatin lokacin tashi buƙata ce da ba ta cin ko buhun siminti.

Kada uwa ta tafi ita kaɗai. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda akwai kujerun mata a cikinsa, ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. A Nijar akwai kwamitin COGES da ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, kuma ofishin magajin gari ne ke kula da titunan cikin gari. Takardar da ta fito da sa hannun hedimasta da mai unguwa da limami da iyaye hamsin ta fi ƙarfin kukan mutum ɗaya a rediyo, ko da yake shi ma rediyon yana da ranarsa idan an yi shiru da takardar.

Wayar da ke hannunki ita ce kayan aikin. Ku tsaya mutum biyu a ƙofar makaranta kwana uku, ku ƙirga yara nawa ke tsallakawa cikin rabin awa, ku ɗauki bidiyon yadda motoci ke wucewa daga nesa ba tare da nuna fuskokin yaran mutane ba. Ku tambayi malamai ɗalibai nawa aka buge a shekara biyun da suka wuce, ku rubuta da kwanan wata. Sannan ku nemi abu takamaimai: wurin tsallakawa mai tudu a wuri kaza, allon kilomita 30, a matsar da tashar 'yan sahu mita hamsin daga ƙofa, a rufe kwatar da ke gefen katanga da silab don yara su samu wurin takawa. Masu sana'ar bakin ƙofa kuma a sa su cikin shawara a nema musu gefe, don su ma iyaye ne, kuma korarsu da ƙarfi ba ta wuce mako biyu sun dawo.

Akwai buƙatun da suka fi ƙarfin unguwa ɗaya, waɗanda sai majalisar jiha. Na farko, duk kwangilar sabon titi a cikin gari ta ƙunshi dandamalin masu tafiya a ƙasa tun a takarda, domin ƙara shi bayan an gama aiki ya fi tsada. Na biyu, kafin a ba makaranta mai zaman kanta lasisi a duba inda ƙofarta take kallo, don da yawa gidajen haya ne da aka mayar azuzuwa, yaro yana fita ƙofa sai kwalta. Gwamnoni sukan kai kasafin kuɗi gaban majalisa a watannin ƙarshen shekara, saboda haka takardar da ake son ta shiga lissafin baɗi gara ta isa hannun ɗan majalisar mazaɓa kafin damina ta ɗauke. A karɓi kofin da aka buga wa hatimin ofis, a ajiye hotonsa a waya, a koma bayan mako uku a tambayi inda aka kwana.